Ruwa ba ya tsami banza: awon amoniyak da wankin matatar kifi

Darasinmu na yau kan ruwan kifi ne.

A da, wanda ke son kifi sai ya jira masunta su kawo daga tabkin Madarunfa, ko Tabalak, ko Gidimuni, ko kogin da ya ratsa Yamai. Yanzu mutane na kiwon kifi bayan ɗaki. Wani ya gina basan na siminti, wani ya ɗaura tamfol, ya zuba ƴaƴan tarwaɗa ko karfasa. Akwai kuma masu aje ƴan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi don ado, irin wanda ka kan gani a otal ko a biro. Babba ne ko ƙarami, doka ɗaya ce ke kansu: kifi cikin ruwa guda yake ci, cikinshi yake kashi, cikinshi yake numfashi. A kogi ruwa na gudu, yana tafiya da ƙazanta. A basan babu inda ƙazanta za ta je, sai in kai ka yi mata hanya.

Abin da ya same ni

Bari in fara da labarin kaina, don gani ya kori ji.

Na gina basan mai cin litir 1000 kusa da garkata. Na zuba ƴaƴan karfasa 60. Na samu tano guda, na cika shi da tsakuwa da soso, na sa ɗan inji mai tura ruwa daga basan zuwa tanon, ruwan ya ratsa ya komo. Wannan ita ce matata, masu saida kaya na ce mata filtir. Wata biyu lafiya lau, kifi na ci suna girma.

Ran nan na buɗe tanon, na iske soson ya yi baƙi, yana santsi. Na ce, a'a, wannan ƙazanta ba ta kwana gidana. Na kwashe soso da tsakuwa, na kai bakin pampo, na wanke da sabulu har sunka yi fes, na shanya su a rana yini guda, na maida. Ruwa ya yi garau, ana hangen ƙasan basan. Har na kira maƙwabci ya zo ya ga aikina.

Kwana uku, kifi sunka daina cin abinci. Kwana na huɗu sunka taru inda ruwa ke zubowa, suna buɗe baki. Da safen kwana na biyar na tsamo 17 matattu. Kuɗin da na yi watanni ina tarawa ne ke yawo bisa ruwa, ciki sama.

Wani abokina da ya san aikin kifi ya zo da ƴan kwalabe cikin aljihu. Ya ɗebi ruwan basan, ya ɗiga magani, ya girgiza, munka jira. Ruwan da nike gani garau ya koma tsanwa shar. Ya dube ni ya ce: «Malam, kai ka kashe su da tsabtarka.» Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da na koya daga wannan hasara shi ne zan koya maka, don kada ka biya kuɗin makarantar da na biya.

Mine ne amoniyak?

Wanda ya taɓa shiga garken awaki da sassafe ya san zarnin da ke shiga hanci har ido ya yi ƙwalla. Wannan zarnin, amoniyak ne. Kifi ma yana fidda shi. Mafi yawa yana fita ne ta jan naman nan mai kama da mataji da ke gefen kan kifi, wanda yake numfashi da shi. Saura kuma yana fitowa daga kashin kifi, da abincin da ya kwana ba a ci ba, da mataccen kifin da ba a tsame ba.

In amoniyak ya yi yawa, yana ƙona wurin numfashin kifi, yana shiga jininshi. Kifi ya ƙi abinci, ya daina girma, ya yi lakwas, ciwo ya samu ƙofar shiga, daga baya ya mutu. Abin tsoron shi ne, amoniyak ba ya da launi. Yawan da ke kashe kifi ma hancinka ba zai ji shi ba. Ruwa na iya zama garau kamar na randa, alhali dafi ne.

Ana auna shi da miligiram cikin litir, ana rubuta mg/l. Wasu takardu na rubuta ppm, a nan duk ɗaya ne. In an ce 1 mg/l, ana nufin giram 1 cikin litir 1000. Ƙwayar parasetamol ta manya miligiram 500 ce. Ke nan kamar ka jefa ƙwaya biyu cikin basan irin nawa. Ka ga ba abu ne mai yawa ba.

Ga ɗan lissafi. Kilo 1 na abincin kifi na kanti yana haifar da amoniyak wajen giram 30. In ka zuba giram 100 na abinci yau, ka zuba giram 3 na amoniyak ke nan. Cikin litir 1000, wannan 3 mg/l ne a yini guda, in babu abin da ke kwashe shi. Gobe kuma ka ƙara. Shi ya sa yawan ba kifi abinci ba alheri ba ne.

Amoniyak fuska biyu gare shi

Cikin ruwa, amoniyak na rabuwa gida biyu. Akwai mai zafin dafi, masana na rubuta shi NH3. Akwai mai sauƙi, ana rubuta shi NH4. Yawancin kwalaben awo na haɗa su duka biyu ne su ba ka jimla. Don haka lambar da ka karanta ba ta gaya maka komai da komai ba. Sai ka san abu biyu: zafin ruwan, da abin da ake kira pH, ana faɗin shi «pe-ash».

pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Tsakiya ita ce 7. Lemun tsami da tsamiya suna ƙasa da 7. Kanwa da ruwan toka suna sama da 7. Duk sa'ad da ruwa ya karkata wajen kanwa, ko ya ƙara zafi, mai sauƙin nan sai ya riƙa juyewa ya koma mai dafi.

Mu ɗauki ruwa mai zafin digiri 30, irin wanda basan ke kaiwa da bazara. Mu kasa amoniyak ɗin da ke ciki kashi 1000:

- In pH 7 ne, kashi 8 kaɗai ne mai dafi.
- In pH 8 ne, kashi 75 ne mai dafi.
- In pH 9 ne, wajen kashi 450 ne mai dafi.

Masana kiwon kifi na cewa mai dafin nan, in ya kai 0,05 mg/l ya daɗe, kifi ya fara cutuwa. To duba. Mutum biyu sun auna, kowa ya samu 1 mg/l. Na farko ruwanshi pH 7, mai dafi 0,008 ne, kifinshi na ci. Na biyu ruwanshi pH 8, mai dafi 0,075 ne, ya wuce iyaka. Lamba ɗaya, hukunci biyu.

Daga nan ka riƙe abu uku. Na ɗaya, kada ka zuba kanwa, ko toka, ko farar ƙasa cikin ruwan da ke da amoniyak da sunan magani, ƙara wuta ne. Na biyu, sabon siminti yana ɗaga pH ƙwarai. Sabon basan sai an jiƙa shi, an zubar, an sake, har ƴan makonni, kuma an auna, kafin kifi ya shiga. Na uku, ruwan da ya yi tsanwa da gansakuka pH ɗinshi na hawa da rana, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, ya sauka da dare. Wanda ya auna da safe kaɗai bai ga lokacin da dafi ya fi ƙarfi ba.

Yadda ake awo

Kayan awo iri uku ka fi gamuwa da su.

Akwai mai kwalabe biyu ko uku, wanda ruwa ke tashi daga rawaya ya koma tsanwa. Shi ne ya fi yawa yanzu, shi ne kuma abokina ya zo da shi.

Akwai tsohon iri mai kwalba guda, wanda wani Bajamushe mai suna Nessler ya ƙago a 1856. Shi ruwan na tashi daga fari ya yi rawaya, har ruwan ƙasa. Akwai zaiba cikinshi, guba ce. Kuma in ka sa maganin kashe jabel cikin ruwanka, yana iya ba ka lambar ƙarya.

Akwai kuma ƴan siraran takardu da ake tsomawa. Suna da sauri, amma ba su kai kwalabe gaskiya ba, kuma da laima ta shige su sun lalace.

Ga yadda ake aiki da mai rawaya da tsanwa. Kowane kamfani da ƙa'idarshi, don haka takardar da ke cikin kwalin ita ce shugaba. Wani irin da ya yaɗu haka yake:

1. Ɗauraye ƴar kwalbar awo sau biyu da ruwan basan.
2. Ɗebi ruwa daga tsakiya, kamar kamu guda ƙasa da sama. Kada ka ɗiba inda sabon ruwa ke zubowa.
3. Cika daidai zanen mililitir 5. Ɗaga kwalbar daidai idonka, gindin lanƙwasar ruwan ya zauna bisa zanen.
4. Kifa kwalbar magani ta farko a tsaye cak, ɗiga ɗigo 8.
5. Kifa ta biyu haka nan, ɗigo 8.
6. Rufe da murfi, girgiza.
7. Duba agogo, jira minti 5.
8. Fita inuwa mai haske, ɗora kwalbar jikin farin wurin takardar launi, nemi launin da ya yi kama.

Rawaya tsantsa 0 ne. Daga nan 0,25, sai 0,5, sai 1, sai 2, sai 4, sai 8. Iyakar duhun tsanwa, iyakar yawan amoniyak. Basan da matatarshi ke aiki sosai, 0 ya kamata ya nuna, ko kusa da 0.

Maganin nan yana ƙona fata da ido. Ɓoye shi inda yara ba su kai. In ka gama, kada ka juye ruwan awo cikin basan ko cikin garka. Wanke hannu.

Abubuwan da ke sa awo ya yi ƙarya

Mudu in ya lotsa, mai saye da mai sayarwa duk an cuce su. Haka kwalbar awo. Ga inda mutane ke faɗuwa:

Haske. Ni kaina na taɓa awo da dare da fitilar hannu, na ga kamar 0,5. Na tashi yara munka kwashe rabin ruwa cikin duhu. Da gari ya waye na sake aunawa da ragowar ruwan da na aje cikin bokiti, ashe 0 ne. Tsakanin 0 da 0,25 launi kusa yake, fitila na ruɗin ido. Hasken rana cikin inuwa shi ne alƙali. In idonka ba ya rarrabe launi sosai, kira wani ya duba tare da kai. Ba abin kunya ba ne.

Gaggawa. Wanda ya duba bayan minti 2, launi bai nuna ba tukuna, zai ga lamba ƙarama, ya kwanta da rai. Wanda ya tafi kasuwa ya dawo sannan ya duba, shi ma lambar ba abin riƙo ba ce.

Karkata kwalba. In ka ɗiga a karkace, ɗigon ba ya fita daidai girmanshi. Ɗigo 8 na karkace ba ɗigo 8 ba ne.

Yatsa. Kada ka toshe bakin kwalba da yatsa ka girgiza. Zufa na ɓata awo, maganin kuma na cin fata.

Dauɗa. Kwalbar da ba a ɗauraye ba tun awon jiya, ko wadda ta sha sabulu, ba ta faɗin gaskiya.

Tsufa da zafi. Jikin kwalba akwai ranar da magani ke mutuwa, karanta ta tun wurin saye. Zafin watan Afirilu da Mayu cikin ɗakin kwano yana kashe magani tun ranar ba ta zo ba. Sa kwalaben cikin gwangwani, rufe, aje a gindin randa inda ke da sanyi da duhu.

Ruwa mai launi. In ruwanka tsanwa ne da ma, zai ruɗe ka. Tace shi da farin ƙyalle mai tsabta. Sannan cika kwalba ta biyu da ruwan ba tare da magani ba, aje su gefe da gefe, ka ga abin da magani ya ƙara.

To, ƙaƙa za ka san ko maganinka na da rai? Auna ma'aunin da kanshi. Sami ruwan kwalba na sha wanda ba a buɗe ba, auna shi, ya kamata ya ba ka rawaya. Sannan jiƙa ɗan abincin kifi cikin kofi, bar shi kwana 3 ya ruɓe, tace, auna, ya kamata ya ba ka tsanwa. In ruɓaɓɓen ruwan ya fito rawaya, maganinka ya mutu, jefar da shi. Kuma duk lambar da ta ba ka mamaki, sake awo kafin ka ɗauki mataki.

Kada ka manta da ruwan da kake zubawa. Rijiyar da ke kusa da salga ko garke tana iya zuwa da nata amoniyak. Auna ta ita ma.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Yanzu mu koma ga tanon da na wanke.

Matata aiki biyu take yi. Na farko kowa na ganin shi: tana tare kashi da dussa. Na biyu shi ne babba, ba a ganin shi. Jikin soso da tsakuwa akwai wasu ƙananan halittu, bakteri, waɗanda amoniyak ne abincinsu. Ƙungiya guda na cin amoniyak, ta maida shi wani abu mai suna nitirit. Nitirit ma dafi ne, yana ɓata jinin kifi har ya koma ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iska. Sai ƙungiya ta biyu ta ci nitirit, ta maida shi nitirat. Nitirat cutarshi kaɗan ce, ana rage shi da canjin ruwa, kuma taki ne ga shuka.

Wani masani haifaffen birnin Kiyef, Winogradski, shi ya rarrabe waɗanga halittu a 1890, yana aiki a Zurik ta ƙasar Suwis. Danginsu ne ke cikin ƙasar gonarka, su ke juya takin dabbobi ya koma abincin hatsi. Ke nan ba baƙi ba ne, tare muke da su tun kaka da kakanni, ba mu sani ba.

Santsin nan mai ruwan ƙasa da na gani jikin soso, garinsu ne. Suna son abu uku: laima, iska, da ruwa mai gudu. Abu huɗu ke kashe su: sabulu, jabel ɗin da ke cikin ruwan pampo, ruwan zafi, da bushewa. Ni na haɗa musu uku rana guda. Na kori ma'aikata, na bar kifi 60 na ci suna zuba amoniyak, babu mai kwashewa.

Kuma ba su da saurin haifuwa. Sabuwar matata tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su cika ta. Da farko amoniyak zai hau ya sauka, sannan nitirit ya hau ya sauka. Sai duka biyu sun zauna a 0 za a ce matata ta nuna. Don haka sabon basan, fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan. In kana da aboki mai lafiyayyen kifi, roƙi guntun tsohon soso, kawo shi cikin ruwa, sa cikin taka matatar. Kamar yadda ake ɗiga tsohon nono cikin sabuwar madara ne. Amma in kifinshi na ciwo, kada ka karɓa.

Yadda ake wankin matata

Ba a ce kada a wanke ba. Matatar da ta toshe, ruwa ba ya ratsa ta, iska ba ta shiga, ma'aikatan su shaƙe. Alamar lokaci ya yi ita ce ruwan da ke fita ta tiyo ya rage ƙarfi. Ga mutane da yawa, wannan na kamawa bayan mako 2 zuwa 4.

1. Kashe inji, zare waya daga kuran kafin hannunka ya taɓa ruwa.
2. Ɗebo ruwan basan cikin bokiti mai tsabta, wanda bai taɓa sabulu ko maganin ƙwari ba. Ware mishi bokiti nashi.
3. Tsoma soso ciki, matsa shi sau 3 ko 4. Laka ta fita, shi ke nan. Ba fari ake nema ba, hanyar ruwa ake nema.
4. Wanke rabi yau, bar rabi sai bayan mako 2.
5. Kada ka bar soso ya bushe. Maida shi nan da nan, ta da inji.
6. Ruwan bokitin, kai shi garka. Salati da tumatir da zogala za su gode maka.
7. Rage abinci kwana 2. Auna amoniyak kowace rana har mako guda.

Soso in ya tsufa yana marmashewa, kada ka canza shi duka. Sa sabo kusa da tsohon, su zauna tare wata guda, sannan ka fidda tsohon. Mai ɗan akwatin gilashi, kai ma haka: ɗan soson da ke cikin injinka, a ruwan akwatin za ka matsa shi, ba a bakin pampo ba.

Kada ka fasa kafso ka zuba cikin basan don kifi ya yi lakwas. Maganin da ke kashe bakterin ciwo yana iya kashe na matata.

In kuran ya ɗauke, ruwa ya tsaya, iska ta fara ƙarewa cikin tano. Buɗe murfin. Duk bayan awa guda, ɗebi ruwan basan da bokiti ka kwarara bisa tsakuwar. Kada ka ba kifi abinci. In wuta ta daɗe ba ta komo ba, shinshina tanon kafin ka ta da inji. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da wannan ruwan waje, kada ya shiga wurin kifi.

In awo ya nuna tsanwa

Kada ka ruɗe. Bi wannan:

Tsaida abinci kwana 1 ko 2. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi, amoniyak ke kashewa.

Tsame matattu da ragowar abinci, zuƙe lakar ƙasa da tiyo.

Fidda kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko rabi in abin ya yi tsanani, ka zuba sabo. In na pampo ne, sai wanda ya kwana 1 ko 2 cikin tano a buɗe, jabel ya fice. Shi ya sa mai kiwon kifi ba ya rasa cikakken tano a aje. Kada sabon ruwa ya bambanta da tsohon wajen zafi, taɓa da hannu ka ji. Kwarara shi daga sama don ya ɗauki iska.

Yi ma basan inuwa da zana, zafi ya ragu.

Gobe sake awo. In bai sauka ba, sake canjin ruwa.

Gishiri kaɗan yana rage cutar nitirit, amma ba ya fidda amoniyak, kada wani ya ruɗe ka. Kuma mai tarwaɗa ya sani, tarwaɗa da ma takan taso ta shaƙi iska ta koma, halinta ne. Abin dubawa shi ne in ta tsaya sama a tsaye, ta ƙi abinci. Karfasa kuwa in ta taru sama tana buɗe baki, tashi tsaye.

Amfanin alƙalami

Ga inda karatunmu ke shigowa. Tun ranar da na yi hasara na sayi kaye, na ja layi. Kowane awo sai na rubuta rana, da lokaci, da pH, da amoniyak, da abincin da na zuba, da abin da na gani. Misali:

Litinin, ƙarfe 5 na marece. pH 8. Amoniyak 0. Abinci giram 80. Suna ci.
Talata, na wanke rabin soso.
Laraba, ƙarfe 5 na marece. pH 8. Amoniyak 0,25. Na rage abinci.
Juma'a, ƙarfe 5 na marece. pH 8. Amoniyak 0.

Ƙwaƙwalwa na mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Wanda ya iya karatu shi ke karanta ranar mutuwar magani, shi ke ƙirga ɗigo, shi ke gane 0,5 daga 5. Kifi 43 da sunka rage mini sun girma, mun ci, mun saida, kuma tun daga ranar sosona bai sake ganin sabulu ba.

Sababbin kalmomi

Amoniyak, nitirit, nitirat, matata, bakteri, pH, miligiram, mililitir. Rubuta kowace sau 3, ka faɗi ma'anarta da bakinka.

Tambayoyi

1. Daga ina amoniyak ke shiga ruwan kifi? Kawo hanya uku.
2. Don mi ruwa garau ba shaida ba ne cewa lafiya yake?
3. Faɗi abu huɗu da ke kashe ma'aikatan matata.
4. Da wane ruwa ake wanke soso, kuma don mi?
5. Ƙaƙa za ka gane maganin awonka ya mutu?
6. Maƙwabcinka na son zuba kanwa cikin basan don kifinshi sun yi lakwas. Mi za ka ce mishi?

Lissafi

1. Kilo 1 na abinci na ba da giram 30 na amoniyak. Giram 200 na abinci nawa zai ba da?
2. In wannan amoniyak ya shiga basan mai litir 2000, mg/l nawa ke nan?
3. Basan na cin litir 1500. Za ka canza kashi ɗaya cikin uku. Bido nawa mai litir 25 za ka ɗebo?

Kawo amsarka aji na gaba. Wanda ke da basan ko akwatin kifi a gida, ya zo da ruwanshi cikin kwalba mai tsabta, wanda ya ɗiba ranar, mu auna tare ƙarƙashin inuwa.